Tuffa, zaitun ko tsamiya: shin katakon itatuwan marmari zai yi sandar sinuka?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan sinuka ya san wannan abin. Kafin mutum ya fara wasa, sai ya je inda aka jingine sanduna, ya zaro ɗaya, ya kwantar da ita a kan tebur, ya tura ta da tafin hannu ta mirgina. Idonsa na kan bakin sandar. In bakin ya tafi sumul, ba ya ɗagawa ba ya sauka, sai ya ɗauka ya goga mata alli. In kuwa ya ga kan yana rawa, yana ɗan tsalle duk juyi guda, sai ya mayar ya zaro wata. Ba wanda ya koya masa ilimin katako, amma a 'yan daƙiƙun nan ya yi wa sandar jarrabawar da ta fi kowace nauyi.

Na kawo wannan ne saboda wata tambaya da masu ƙera sanduna da hannu a Amurka suka saba ji. Iska ta kayar da tsohuwar bishiyar tuffa a bayan gidan mutum, wataƙila kakansa ne ya dasa ta, ransa bai ba shi ya faskara ta ya zuba a wuta ba. Sai ya ɗauki gungumen ya nufi wurin mai sana'a: za ka iya fitar min da sanda a cikin wannan? Wani ceri zai kawo, wani fiya irin ta Turai, wani zaitun. Amsar da gwanaye ke bayarwa kusan ɗaya ce, kuma ina ganin suna da gaskiya. Katakon itatuwan marmari yana yin rabin sanda na baya, har ya yi kyau na ban mamaki, amma rabin gaba ba wurinsa ba ne. Dalilin shi ne abin da ke buƙatar fashin baƙi, don ba inda yawancin mutane ke zato yake ba.

Mu a nan kowane tebur mai koren ƙyalle da ramuka shida sinuka muke ce masa, alhali wasa biyu ne. Akwai sinuka ta ainihi, wadda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a garin Jabalfur na Indiya a 1875. Ƙwallayenta ƙanana ne, milimita 52.5, sandarta kuma siririn baki gare ta, wajen milimita 9 zuwa 10. Sai wasan Amurkawa da suke kira ful, mai ƙwallaye masu lamba. Tasa ƙwallon ta fi girma, milimita 57, nauyinta ya kusa giram 170. Sandarsa inci 57 zuwa 58 ce, nauyinta tsakanin giram 510 da 600, bakinta milimita 12 zuwa 13. Al'ada ta daɗe da zaɓar wa kowanne katakonsa. 'Yan sinuka na Ingila sun fi son katakon wata bishiya da ake kira ash a gaba, da baƙin eboni a gindi. 'Yan ful kuwa meful suka riƙa, bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada, wadda ake tatsar ruwanta a dafa ya zama kamar zuma.

Sandar ful ta kirki biyu ake yin ta, a haɗa a tsakiya da kusa mai zare. Rabin gaba shi ke zamewa a kan yatsun hannun da aka kafa a tebur, shi ke ɗauke da 'yar fatar da ke taɓa ƙwallo, shi ke lanƙwasa ya dawo a kowane bugu. Tsawonsa inci 29, siriri, kuma ana so ya zauna miƙe shekara da shekaru. Rabin baya aikinsa riƙo ne da nauyi da ado, kuma galibi shi kansa gutsattsari ne aka harhaɗa: goshi mai kamar inci 12, mariƙi mai kamar haka, sai ɗan gajeren gindi na inci 3 ko 4. Mai karatu ya riƙe wannan bambancin, don a kansa maganar duka ta rataya.

Abu na farko da mutane ke tambaya tauri ne. Suna zaton bishiyar da ke ba da 'ya'ya masu zaƙi katakonta ma lagwani ne. Ba haka ba ne ko kusa. Akwai awon da wani masani ɗan Ostiriya, Gabriel Janka, ya fito da shi a 1906: a ɗauki 'yar dunƙulen ƙarfe mai faɗin milimita 11.28, a danna ta cikin busasshen katako har rabinta ya nutse, a rubuta ƙarfin da aka yi amfani da shi. A wannan awon meful mai tauri yana samun fam 1,450 na ƙarfin dannawa. Tuffa tana samun wajen 1,730, fiyar Turai 1,660, zaitun kuwa ya kai 2,700. Wato duk sun fi meful, sarkin sanduna, tauri. Ceri na dajin Amurka ne kaɗai a cikin sanannun ya faɗo ƙasa, da 950.

Masu sana'ar da can sun san da haka. Kamfanin zarto na Henry Disston a Filadelfiya ya shafe shekaru da yawa yana yi wa zartunansa masu tsada ƙota da katakon tuffa, saboda ba ya tsaga hannu, kuma gumi da riƙo ƙara masa sheƙi suke yi. A tsofaffin injinan niƙa na ruwa da na iska a Turai, da tuffa ake sassaƙa haƙoran manyan ƙafafun da ke juya dutse, don tana jure goga. Fiya kuwa da ita aka yi sarewa da rula da allunan da ake sassaƙa hoto a kai don ɗab'i, har ana rina ta baƙa a sayar a madadin eboni. Ga kuma santsi. Ramukan jikin waɗannan katakai ƙanana ne, a baje suke ko'ina daidai, kamar na meful. In ka goge tuffa ko fiya da samfefa mai laushi, sai ka ji ta a yatsa kamar tangaran. Ash ma bai kai su nan ba, don shi sai an cike masa ramuka kafin ya daina kama fata.

Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Tun farkon ƙarni na 19, lokacin da wani hafsan sojan Faransa mai suna François Mingaud ya liƙa fata a bakin sanda, katako ya daina taɓa ƙwallo. Fata ke duka, wani ɗan zobe a bayanta yana kare bakin katakon daga tsagewa. Abin da ake nema a wurin katakon gaba shi ne tsauri, wato ƙin lanƙwasa a tsawonsa, kuma tauri daban tsauri daban. Dorina tana da tauri, farce ba ya shigar ta, amma ka ga yadda take lanƙwasa in an ɗaga ta. A awon tsauri tuffa ba ta wuce kusan kashi 70 cikin 100 na meful ba, fiya ma ba ta kai haka ba. In aka siranta su zuwa milimita 13 a tsawon inci 29, sandar za ta riƙa rawa bayan bugu, mai wasa ya ji kamar ƙarfinsa ya zube a hanya.

Sai nauyi. Mita ɗaya ta kowace fuska ta busasshen meful wajen kilo 705 ce, ta tuffa 830, ta zaitun ta kusa 1,000. Wani zai ce ai sanda mai nauyi ita ce mai ƙarfi. A gindi, haka ne. A baki kuwa nauyi illa ne. Idan mai wasa ya bugi farar ƙwallo a gefen hagu don ya sa ta juyi, ba ta tafiya daidai inda sandar ta nuna, sai ta ɗan zille dama. Yawan zillewar ya dogara ne ga nauyin 'yan incinan ƙarshe na bakin sanda: in bakin na da nauyi, shi ke ture ƙwallon gefe, in ba shi da nauyi, ƙwallon ce ke ture shi ta wuce. Don haka ne kamfanin Predator mai ƙera sandunan ful ya yi suna tun shekarun 1990 da rarake cikin bakin sandar meful don ya rage masa nauyi. To wanda ya kawo katakon da ya fi meful nauyi, kuma bai kai shi tsauri ba, ya tafi baya ta fuska biyu a lokaci guda.

Duk da haka, da a ce matsalar ke nan kaɗai, da an samu masu son irin wannan sandar, don kowa da irin bugun da ke masa daɗi. Babbar matsalar tana can cikin gona, tun bishiyar na tsaye.

Ka dubi yadda meful ke tashi. A cikin daji mai duhu na arewa maso gabashin Amurka da kudancin Kanada yake tsirowa, 'yan'uwansa sun kewaye shi ta ko'ina, haske kuma daga sama kawai yake zuwa. Ba shi da zaɓi sai ya miƙe. Rassansa na ƙasa suna mutuwa tun yana ƙarami saboda inuwa, su faɗi, sabon katako ya rufe gurbinsu. Sanyi mai tsanani yana sa girmansa ya zama a hankali, kowace shekara ɗan siririn zobe guda. Bayan shekara ɗari ko fiye sai ka sami gungume mai tsawon mita da yawa ba reshe ko ɗaya, jijiyoyinsa a jere kamar zaren saƙa. A cikin irin wannan ma ba duka ake ɗauka ba. Masu ƙera sanduna suna ƙirga zobban shekara a kowane inci, suna bin jijiya guda da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan su ga ko ta fita gefe, suna ajiye duk wanda ke da ɗigon duhu. George Balabushka, wanda ya rasu a 1975, kuma har yau ake rububin sandunan da ya ƙera a Niyok, an san shi da nacewa a kan meful mai miƙaƙƙiyar jijiya har a goshin sanda.

Yanzu dubi tuffa a lambu. Mai lambu ba katako yake nema ba, 'ya'ya yake so, kuma yana so hannu ya kai gare su. Duk abin da yake yi wa bishiyar kishiyar abin da daji ke yi wa meful ne. Yana dasa ta a sarari don ta sha rana ta kowane gefe. Yana datse kanta tun tana ƙarama don ta yi rassa a ƙasa-ƙasa. Yana yi mata aure, ya haɗa reshen iri mai daɗi da saiwar wani iri, sai wurin haɗin ya zama kumburi mai murɗaɗɗiyar jijiya. A lambunan zamani ma abin ya wuce haka, don ana amfani da saiwar da ke hana bishiya girma, irin M9 da aka tantance a cibiyar bincike ta East Malling a yankin Kent na Ingila. Irin waɗannan bishiyoyi ba sa wuce mita 3, ana jera fiye da 2,000 a hekta guda, a ɗaure su jikin waya, kaurin jikinsu kamar damtsen mutum. Babu sanda a cikin wannan ko an so.

Ko tsohuwar tuffa mai girma irin ta bayan gida, da wuya ka sami mita ɗaya da rabi daga ƙasa zuwa reshen farko. Duk wurin da aka taɓa datse reshe ya bar kulli a ciki, kuma ta nan ruwa ke shiga ya ruɓar da tsakiya. Bishiyar kan tashi a murɗe, ka ga ɓawonta ya zagaye jikinta kamar an matse wanki. In ka faskara irin wannan gungumen, ba ya darewa gida biyu sumul, sai fuskar tsagin ta fito a karkace kamar farfela. Akwai kuma wani abin da ido ba ya gani. Reshe ko gangar jikin da ya jingina gefe, musamman wanda ke ɗaukar nauyin 'ya'ya kowace shekara, yana gina wani irin katako a gefensa na sama mai ja kamar igiya, don ya riƙe kansa kada ya karye. Katako na yau da kullum kusan ba ya raguwa a tsawonsa in ya bushe. Wannan kuwa yana raguwa. Idan gefe ɗaya na sanda ya gajarta ɗaya bai gajarta ba, ka san abin da zai faru: baka ta samu. Shi ya sa masu sana'a ba sa karɓar reshe ko yaya ya miƙe a ido. Hali zanen dutse ne, a katako ma haka abin yake.

Bushewa wani babi ne mai cin rai. Katako yana shan ruwa daga iska yana kuma fitarwa muddin yana nan, yana kumbura yana motsewa. Kuma motsewar ba daidai take ta kowace fuska ba, ta bin zobban shekara ta fi ta ratsa su yawa. A meful bambancin ninki biyu ne, a fiya ya kusa ninki uku. Wannan ne ke sa katakon marmari tsagewa da murɗewa tun yana ɗanye. Gungumen filam, shi ma wani itacen marmari, ko na tuffa da aka yanke aka bari a rana, kafin mako ya zagayo ka ga bakinsa ya dare kamar ƙasar fadama a bazara. Gaskiya ne fiya, in an turara ta aka busar da ita a hankali, takan natsu sosai, shi ya sa aka yi rula da ita. Sai dai kafin a kai can an yi asarar mai yawa.

Yadda ake fitar da rabin gaba na meful ya isa ya nuna irin haƙurin da abin ke bukata. Ana busar da katakon har ruwan jikinsa ya sauko kashi 6 zuwa 8 cikin 100. A yanka shi mai kusurwa huɗu, a ɗora a injin juya katako a mayar da shi mulmulalle, kauri kamar inci ɗaya. Daga nan sai a rataye shi a tsaye a bar shi makonni. A sauko da shi, a kankare ɗan kaɗan, kamar kaurin farce, a sake ratayewa. Kowace kankara tana sakin wani ɗaurin da ke ɓoye a cikin katakon, sai ya ɗan motsa, kankara ta gaba ta gyara motsin. Haka za a yi ta yi watanni, wasu har fiye da shekara. Wanda ya ƙi daina motsi a jefar da shi gefe. Mai sana'a yana iya wannan zubarwar ne saboda meful na zuwa masa da ɗaruruwa. Wanda ya kawo gungumen tuffa guda, in an yi sa'a a fitar da dogaye uku ko huɗu masu tsafta bayan an kauce wa tsakiyar bishiyar, wadda ita kullum tsagewa take yi. Uku ko huɗu ba su isa a yi zaɓe a cikinsu ba.

A rabin baya kuwa labari ya sha bamban, kuma nan ne nake ganin katakon marmari bai sami yabon da ya kamata ba. Ba a neman inci 29. Guntu mai inci 12 zuwa 18, kauri inci ɗaya da rabi, ya wadatar, kuma irin wannan tsohuwar tuffa tana iya bayarwa. Nauyin da ya zama aibu a baki ya zama alheri a nan, don shi ke jawo tsakiyar nauyin sanda zuwa wajen hannu. Murɗewar jijiya da kulli da canjin launi, duk abin da ya hana shi shiga gaba, shi ne adon da ake biyan kuɗi a kansa.

Kuma akwai dabarar da ta kashe maganar karkacewa. Ana huda guntun daga wannan baki zuwa wancan da dogon abin huji, a zura masa miƙaƙƙen meful a ciki, a liƙe da gam mai ƙarfi. Sai meful ya zama ƙashi, katakon ado ya zama riga. Ƙashin ne ke riƙe miƙewa, shi ke kai bugun zuwa hannu, rigar kuma ta yi siririn da ba ta da ƙarfin jan sandar gefe. Katakon da ya yi laushi ko naman gwari ya fara ci, akan sa shi a tukunyar da ake zuƙe iska, a ɗura masa ruwan roba ya cika ramukansa, a gasa ya daskare. Da waɗannan biyun, kusan duk katakon da ya bushe yana iya shiga gindin sanda.

Zaitun ne ya fi kowa cin moriyar wannan. Launinsa ruwan zuma, da baƙaƙen layuka masu yawo kamar hayaƙi, kuma ko a sandunan sinuka na Ingila za ka gan shi an tsaga an dasa a kan eboni. Kyan ɗan maciji ne dai: yana da mai a jiki wanda ke hana gam kamawa sai an goge fuskar da sinadari, yana jinkirin bushewa, yana kuma iya tsagewa bayan an ɗauka ya gama. Ceri na daji, wanda ya fi kyau a tsaunukan Alegeni na jihar Fensilbeniya, shi dogo ne miƙaƙƙe don a daji ya tashi, ga natsuwa bayan bushewa, launinsa na ƙara ja da shekaru. Aibinsa rashin nauyi da saurin lotsawa, sandar na bugun gefen tebur sai tabo. Filam yana da jajaye da shunayya masu ɗaukar ido, amma ƙanƙantarsa ta sa ya fi dacewa da zobba da ƙananan tsage-tsage.

Akwai bishiya ɗaya mai 'ya'ya da ta tsallake wannan shingen, kuma labarinta ya shafe mu. Fasimon na Amurka, wanda ake shan 'ya'yansa in sanyi ya shigo, taurinsa 2,300 ne, tsaurinsa kuma ya ɗan ɗara na meful. Da shi aka yi kan sandunan wasan golf shekaru masu yawa kafin ƙarfe ya kore shi, da shi aka yi ƙoshiyar masaƙun zamani, an kuma yi sandunan ful da shi. A daji yake tashi ba a lambu ba, abin da ke ƙara nuna cewa tarbiyyar bishiya ce matsalar, ba 'ya'yanta ba. Yana da nauyi, yana kuma motsewa ƙwarai wajen bushewa, shi ya sa bai ture meful ba. Abin sha'awa, fasimon ɗan gidan eboni ne, dangin da masana ke kira Diospyros. Baƙin ebonin da ke gindin sandunan zakarun sinuka, wanda ake samowa daga dazukan Kamaru da Gabon da kudancin Najeriya, ɗan wannan gidan ne. Kanyarmu ma haka. Wato wadda yara ke tsinka a bakin rafi suna sha 'yar'uwar katakon da ya fi kowane daraja a wannan sana'a ce, kuma ke nan itace mai 'ya'ya ya daɗe a jikin sanda ba a lura ba.

Tambayar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan saboda katakan da aka saba da su suna wuya. Daga Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa takunkumi a kan dukan dangin Dalbergia, waɗanda suka haɗa da kokobolo da sauran jajayen katakan da aka daɗe ana yi wa sanduna ado da su. A shekarar ce madobiya ma ta shiga jerin waɗanda aka sa wa takunkumin, bayan an yi mata sara ba ji ba gani a Afirka ta Yamma ana lodawa zuwa Sin. Ash kuma wani koren ƙwaro da aka fara ganowa a Mishigan a 2002 ya kashe miliyoyinsa a Amurka, ga wata cutar naman gwari da ta bayyana a Ingila a 2012. A ɓangaren gaba, manyan 'yan wasan ful da yawa sun koma sandar zaren kabon tun bayan da Predator ya fito da irinta mai suna Revo a 2016, wadda ba ruwanta da damina ko rani. A gindi kuwa har yanzu katako ake so, kuma bishiyar lambu da ta tsufa aka tumɓuke, wadda da ƙonawa za a yi, ta fi wadda aka sato daga daji halasci nesa ba kusa ba.

In aka juyo gida, sunaye biyu ne ke fara zuwa baki: mangwaro da tsamiya. Mangwaro yana yin gungume babba, tsawo ba matsala ba ne, amma taurinsa wajen 1,070 ne kawai, jijiyarsa kan sarƙe, ƙwari da naman gwari kuma suna son sa. Da ƙashin wani katako a ciki zai yi goshi mai kyau, musamman mai tsarin igiyar ruwa. Tsamiya kuwa ta riga ta shiga kasuwar. Farin katakonta da naman gwari ya zana wa baƙaƙen layuka kamar taswira ana kai shi Amurka daga kudu maso gabashin Asiya, masu ƙera sanduna da alƙaluma suna saye, alhali asalin bishiyar Afirka ne. Jan tsakiyarta ya kusa ninka meful tauri, yana dakushe zarto. Ba na fatan kowa ya ɗaga gatari a kan tsamiya ko kanya mai rai saboda sanda. Inuwarsu da 'ya'yansu sun fi kowace sanda amfani, kuma wadda aka sare yau jikan mai saran ne zai ga madadinta. Wadda iska ta kayar ko aikin hanya ya ture nake nufi.

Wanda zai gwada a ƙasarmu yana da abokin gaba da Ba'amurke bai san kamarsa ba, wato tazarar da ke tsakanin hunturu da damina. Kowa ya san ƙofar katakon da ke ƙin rufuwa a watan Agusta, ta koma tana lilo a Janairu har ana hango waje ta tsaginta. Abin da ke faruwa da ƙofa shi ke faruwa da sanda, shi ya sa sandunan da aka jingine a bango a rumfunan wasa ba sa shekara suna miƙe. Ko ta meful ce daga waje, in ana so ta daɗe, a tsaye za a rataye ta ko a sa ta a jakarta, nesa da rana da bangon da ke jiƙa, kada kuma a bar ta cikin mota da tsakar rana.

Shi kuwa gungumen, a yanka shi tun yana ɗanye, kada a jira ya tsage da kansa. A raba shi ta tsakiya a fitar da cibiyar a yar. A fitar da guntaye masu kusurwa huɗu, kauri inci biyu don a bar wa motsewa wuri, a bi jijiya wajen yankan ko da hakan zai rage yawansu. A tsoma bakunan biyu cikin narkakken kakin zuma, don ta baki ruwa ke gudu ya tsaga katako. A jera su a inuwa inda iska ke ratsawa, da 'yan sanduna a tsakaninsu, sama da ƙasa saboda gara. Ƙa'idar kafintoci ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, katakon marmari kuwa ya fi son a ƙara masa. A rubuta kwanan wata da nauyin kowane guntu a jikinsa da fensir, a riƙa ɗora shi a sikeli duk wata. Sai ya ga hunturu biyu da damina biyu, nauyinsa ya daina sauka in ban da ɗan hawa da saukar yanayi, sannan a mulmula shi a huda a sa masa ƙashi. Waɗanda suka tsage ko suka murɗe a hanya, kuma za su yi yawa, a ajiye su a yi ƙotar wuƙa da su.